Kafin a Gayyace Ka Mashaya a Ingila

Duk wanda karatu ko aiki ya kai shi Birtaniya, da wuya ya yi mako biyu ba a gayyace shi mashaya ba, wurin da su suke kira pub. Malamin da ke duba aikin digirinsa zai ce a ƙarasa magana a can bayan an tashi daga taro, abokan aiki a asibiti ko ofis za su yi sallamar wani a can ranar Juma'a da yamma, maƙwabci ma idan yana son nuna maka ya karɓe ka can zai ce ku je. Wanda ya taso a Kano ko Maraɗi ko Zangon Kumasi yana jin gidan giya wuri ne da mutumin kirki ba ya ko waiwaya, sai ya rasa abin cewa. Yawanci ɗayan biyu ake yi: ko a riƙa ƙirƙiro uzuri kowane mako har a gaji a daina kira, ko a bi ayari cikin kunya da niyyar shan lemo kawai. Na biyun ya fi haɗari, domin mai yin sa yana zaton ya tsira alhali bai san dokar wurin ba. Abin da nake son kafawa a nan shi ne matafiyi ya yanke matsayinsa tun yana ɗakinsa, ya kuma faɗe shi a fili a gayyatar farko, kafin a kai ga tambayarsa abin da zai sha.

Dalili shi ne al'adar sayen zagaye. A mashayar Ingila ta gargajiya ba wanda zai zo teburinku ya tambayi abin da kuke so. Mutum ne ke tashi ya je kanta, ya faɗi abin da yake so, ya biya nan take, ya ɗauko da hannunsa. Idan ku shida ne, ba kowa ke zuwa ba: mutum ɗaya zai tashi ya tambayi kowa, ya biya wa kowa. Idan kofuna sun kusa ƙarewa wani ya tashi ya yi haka, har a zagayo. Abin kamar adashi yake, wanda ya kwasa dole ya zuba. Ba a rubutawa, ba a kuma cewa "kai ne a layi", amma kowa yana lissafi a ransa, kuma wanda ya sha na mutane ya sulale kafin a zo kansa, sunan marowaci ya bi shi ke nan a ofis. To a nan tarkon yake. Lokacin da mutumin farko ya juyo ya tambaye ka cikin fara'a, ka ce lemon lemu, ka shiga adashin ba tare da ka sani ba. Bayan awa ɗaya idanu za su dawo kanka, ka tsinci kanka a gaban kanta kana sayen kofin giya biyar da katinka, kana ɗauko su da hannunka. Musulmin da ya san cewa hadisin da ya la'anci giya bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai saye da mai sayarwa da mai ɗauka, ya san cewa lemon da ke gabansa bai fitar da shi ba. Ga kuma aljihu: a Landan kofi ɗaya, wanda yake mililita 568, yakan haura fam 6, don haka zagayen mutum shida yana iya lashe kusan fam 40, kuɗin cefanen ɗalibi na kwanaki. Maganin ba shi da wuya, sai dai yana da lokaci. A tambayar farko za ka ce ka gode, ba ka sha kuma ba ka saya, za ka sayi naka da kanka. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnensu, domin masu tuƙi da masu ƙaramin ƙarfi suna fita daga zagaye haka. Idan kana son rama alheri, ka saya wa teburin soyayyen dankali, ko ka kawo musu kofi a ofis washegari. Faɗin wannan magana bayan ka sha na mutum uku shi ne abin da ba ya gyaruwa.

Wanda ya san abin da ke raya waɗannan wurare zai gane dalilin da ya sa al'adar ta yi ƙarfi haka. Mashayar unguwa tana rayuwa ne da mutanen da ke dawowa, kuma babu abin da ke nuna wannan kamar giyar ganga, wadda suke kira real ale. Ƙungiyar CAMRA, da wasu Turawan Ingila huɗu suka kafa a 1971 don yaƙar giyar manyan kamfanoni da ake tacewa a dafa a cusa mata iskar gas, ita ta yaɗa wannan suna, kuma yau tana da mambobi fiye da dubu 100. Giyar ganga tana isa mashaya da yistinta a raye, tana ƙarasa nuna a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyin digiri 11 zuwa 13, ana jawo ta sama da famfon hannu. Da zarar an buɗe ganga iska ta shiga, kwana uku ne ko kusa da haka ta fara tsami. Mai mashaya ba zai ajiye ta ba sai ya tabbata akwai waɗanda za su zo gobe da jibi. Saboda haka dogayen hannayen famfo da za ka gani jere a kan kanta labari suke ba ka, ko da ba za ka taɓa abin da ke cikinsu ba: wurin yana da 'yan gida, sun san juna, kuma hira ce ta fi kawo su. Kowane yanki kuma da abin da yake tinƙaho da shi. Garin Burton upon Trent ya yi suna ne saboda gishirin da ke ruwan rijiyoyinsa, mutanen Yorkshire suna ji da Timothy Taylor na Keighley, na Sussex da Harvey's na Lewes, na Kent da Shepherd Neame na Faversham, yayin da Somerset da Herefordshire suka fi karkata ga giyar tuffa. Bature yana maganar waɗannan da kishin gari, kuma idan ya ja ka zuwa tasa mashayar, a ganinsa gidansa na biyu ya buɗe maka. Binciken da Farfesa Robin Dunbar na Jami'ar Oxford ya yi wa CAMRA a 2016 ya nuna cewa mutanen da ke da mashayar da suka saba zuwa sun fi yawan abokai na kusa. Ƙungiyar da ta ɗauki nauyin binciken tana da abin da take karewa, amma sakamakon ya yi daidai da yadda mutanen ke ɗaukar wurin.

Sana'ar kuwa tana cikin matsi, kuma wannan ya shafi matafiyi kai tsaye. A shekarar 2000 Birtaniya tana da mashaya kusan 60,000, yanzu sun koma wajen 45,000. Dokar 1989 da ta tilasta wa manyan kamfanonin giya sakin dubban mashayunsu ta jefa da yawa a hannun kamfanonin haya masu tsauwala wa mai riƙo farashi, hana shan taba a cikin gini ya zo Ingila a Yulin 2007, manyan kantuna suna sayar da giya da arha, ga haraji da kuɗin wuta. Waɗanda suka tsira yawanci sun daina dogara da giya kaɗai. Sun koma sayar da abinci, bayar da ɗakin kwana, shirya daren kacici-kacici, karɓar taron ƙungiyoyin gari. A ƙauyen Hesket Newmarket da ke Cumbria mutanen gari ne suka haɗa kuɗi suka sayi tasu, Old Crown, a 2003, kuma dokar 2011 ta ba al'umma damar yi wa irin wannan gini rajista a matsayin kadarar jama'a don su samu lokacin tara kuɗi idan za a sayar. Shirin Pub is the Hub, wanda aka fara a 2001 da goyon bayan Sarki Charles tun yana Yarima, ya taimaka wa wasu suka buɗe kanti ko gidan waya a cikinsu. Ma'anar wannan ita ce idan ka je yawon buɗe ido Lake District ko tsaunukan Yorkshire, akwai ƙauyen da mashaya ce kaɗai wurin abinci mai zafi, ita ce masauki, ita ce banɗaki. Gara ka san haka tun kana sayen tikitin jirgin ƙasa, ka yi guzuri idan ba za ka shiga ba.

Wani zai ce duk wannan bayani bai da amfani, tun da akwai hadisin da ya hana zama a teburin da ake shan giya, kuma magana ta ƙare. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma wanda ya tsaya a kanta ya ƙi shiga gaba ɗaya bai yi ƙauyanci ba, shi ne ma ya fi kowa kwanciyar hankali. Hukuncin lalura, kamar matafiyin da bai samu wani wurin abinci ba, na malamai ne, a tambaye su tun kafin tafiya. Amma ko wanda ba zai taɓa shiga ba yana bukatar sanin abin da yake ƙi, domin yadda ya ƙi shi ne zai nuna ko zumunci zai ɗore. Idan ka ɗauki gayyatar a matsayin raini ga addininka ka murtuke fuska, ka zalunci mutumin da alheri ya nufa. Idan ka ce kana da aiki, mako mai zuwa za a sake kiranka, kuma ƙarya za ta yi ta haihuwa. Wanda ya ce addininsa bai bar shi zama wurin giya ba, amma zai so a ci abincin rana tare ranar Talata, ya rufe ƙofa ɗaya ya buɗe wata da hannunsa.

Daga ɗaya ɓangaren kuma za a ce wanda ba ya zuwa zai zama bare, ana yanke maganar ƙarin girma da ta bincike ba ya nan. Akwai gaskiya a ciki, kuma laifin shugabannin wuraren aiki ne da har yau ba su iya tunanin wani wurin haɗuwa ba. Sai dai tsoron ya fi abin girma. Binciken lafiya na gwamnati ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar na manya a Ingila ba ya shan giya, kuma matasa sun fi iyayensu ƙaurace mata. Tun 2013 ake yin gangamin barin giya a watan Janairu. Mai mashayar da ke neman kuɗin haya ba zai harari mai sayen shayi da abinci ba.

Wanda ya zaɓi shiga ya kula da sunaye, domin suna ruɗi. Cider a Birtaniya giya ce, ba ruwan tuffa ba. Shandy giya ce da aka sirka da lemo. Ginger beer yawanci ba ta da barasa, amma akwai mai ita, irin Crabbie's. Ɗigon bitters da ake sa wa lemo yana da barasa fiye da kashi 40 cikin ɗari. Kwalbar da aka rubuta wa cewa ba barasa tana iya ɗauke da kashi 0.5, musamman wadda aka shigo da ita daga waje, don haka lamba za ka karanta. A abinci kuma, ƙullin da ake soya kifi da shi sau da yawa da giya ake kwaɓa shi, ana dafa naman cikin pie da ita, ana zuba giyar inabi a romo, kuma black pudding jinin alade ne. Doka ta wajabta bayyana abubuwa 14 masu tayar da borin jini, amma barasa da alade ba sa cikinsu, saboda haka sai ka tambaya da bakinka.

Batun launin fata ba a ɓoye shi. A Fabrairun 1965, kwana tara kafin a kashe shi, Malcolm X ya ziyarci Smethwick kusa da Birmingham, inda Avtar Singh Jouhl ya kai shi mashayar Blue Gates ya ga yadda ake ware ɗakin da baƙi ba sa shiga. A shekarar ne aka yi dokar farko da ta haramta haka, kuma dokar daidaito ta 2010 ta haɗa da addini, don haka ba mai ikon korar ki saboda hijabi. Yau mashayu da yawa a wannan yanki 'yan Punjab ne ke riƙe da su, sun shahara da gasasshen nama, sai dai kasancewar mai wuri ɗan Asiya ba ya nufin naman halal ne. Shirun da kan biyo bayan shigar baƙo a ƙauye sau da yawa na rashin sabo ne, gaisuwa ga mai kanta tana warware shi. Abin gudu shi ne tsakiyar gari daren Juma'a da Asabar, da mashayun kusa da filin ƙwallo ranar wasa.

Ga sauran ƙananan abubuwan lura a mashaya: ruwan famfo kyauta ne, doka ta ce a ba ka idan ka nema. Ba a ba da tukuici a kanta. Yaro ɗan ƙasa da shekara 16 sai da babba, kuma wurare da yawa ba sa barin yara bayan dare ya yi. Kicin yakan rufe wajen ƙarfe 9, a ƙauye ma wasu ba sa girki tsakanin abincin rana da na dare, kuma motar haya ta ƙarshe takan wuce tun kafin a buga ƙararrawar rufewa, ranar Lahadi kuwa wani ƙauyen ba ta zuwa sam.