Darasin Juma'a: Idan Kuɗin Haya Ya Taru

Mu da muke zaune a Fatakwal, Onica da Inugu, galibinmu 'yan haya ne. A Kano ko Sakkwato idan aka tashi mutum, yana da gidan gado ko ɗakin ƙaninsa. A nan kuwa, ranar da aka sa wa ƙofarsa kwaɗo, shi sai barandar masallaci ko tasha, iyali kuma a loda su a mota zuwa gida, yara su bar makaranta a tsakiyar zango.

Abin da ya fi jefa mu cikin wannan hali shi ne shiru. Kasuwa ta yi sanyi, kaya sun maƙale a hanya, wa'adi ya cika, sai mutum ya riƙa sulalewa da asuba don kada su haɗu da mai gida, ya daina ɗaga wayar ejan. Kunya ce, mun sani. Amma mai gida ba kunya yake gani ba, raini yake gani, daga nan sai lauya. Alhali da an same shi tun wata guda kafin lokaci, tare da liman ko Sarkin Hausawa, an ajiye masa rabi, an yanka ranakun cika saura, da yawansu za su karɓa, don shari'a ita ma tana cin kuɗi da watanni. Abin da aka shirya a rubuta, a sa hannu gaban shaidu, kowane biya a karɓi rasit. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarce mu da rubuta bashi, amma mu 'yan kasuwa mun fi kowa sakaci da ita.

Mu san kuma dokar ƙasa. Mai gida ba shi da ikon cire kwanon rufi, ko watso kaya waje, ko turo ƙarti. Sai ya ba da notis a rubuce, wanda a jihohi da dama wata shida ne ga mai hayar shekara, in ba yarjejeniya ta faɗi wani abu daban ba. Bayansa akwai notis na kwana 7, sannan kotu. A 1986 Kotun Ƙoli ta tsawata wa gwamnatin Legas kanta, saboda ta fitar da Ojukwu daga gidan Ikoyi da ƙarfi alhali magana tana gaban alƙali. Wanda aka kawo wa sammaci kada ya cusa shi ƙarƙashin katifa, ya halarta.

Sai mu juyo kanmu. Cikinmu akwai masu gidaje da rumfuna da suke ba 'yan'uwa haya, wani har ya fi baƙo tsanani. Aya ta 280 ta yi umarni da a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu. Shi kuma mai hali da yake ja wa mai haƙƙi rai, Annabi (SAW) ya kira wannan zalunci.

Masu fitar da zakka su tuna wanda bashi ya danne yana cikin kaso takwas na aya ta 60 a Suratut Tauba. Wanda notis ya riga ya shiga hannunsa, ya zo da takardar ya ga liman a keɓe bayan sallah, tun kwanakin ba su ƙare ba.