Shawara ga matasan Gaya masu son yin jawabi a taron buɗaɗɗiyar manhaja

Tarukan masu buɗaɗɗiyar manhaja, wadda kowa ke iya duba tushenta ya gyara, sukan buɗe ƙofar karɓar batutuwa watanni kafin ranar taro. Haka ake yi a State of the Map Africa, wanda aka fara a Kampala a 2017, da bikin Open Source Community Africa da aka fara a Legas a 2020. Ba a neman digiri; aikin da ka yi da hannunka ake dubawa.

Zaɓi batu ɗaya tak daga abin da ka sani. In ka sa unguwannin Gaya da ambaliyar kogin Isa ke shafa a taswirar OpenStreetMap, ko hanyar 'yan kasuwa zuwa Malanbil da Kamba, ko ka rubuta maƙaloli a Wikipedia ta Hausa, to ka samu abin faɗa.

Taƙaitaccen bayanin batun da za ka tura ya amsa tambaya uku: wace matsala ce, me ka yi, me mai sauraro zai koya? Kada ka mai da shi tallan kamfaninka, masu tantancewa ba sa so. Duba harshen taron, Faransanci ko Ingilishi, ka ba wani gwani ya gyara maka. Tura da wuri, don intanet ba ta da tabbas. Tambayi ko akwai tallafin tafiya ko damar yin jawabi daga nesa.

In ba a ɗauka ba, nemi dalili, ka gyara, ka sake turawa.