Wane Jiki Ake Kira Jikin Namiji?

A nan kudancin Kano, daga Bebeji har Doguwa, iyayenmu sukan auna ƙarfin namiji da yawan kunyar da ya tayar a gona kafin azahar. Ko a fagen dambe, makaɗa irin su Ɗan Anace, wanda ya wasa Shago, hannu da zuciya suke yabo, domin siriri yakan kayar da ƙato.

Sai ga finafinai. Tun fitowar Rambo a 1982, hotunan ƙarti masu murɗaɗɗen damtse suka cika gidajen kallo da bayan motoci, yau kuma suna cikin wayoyinmu. Ba a gaya mana cewa ɗan fim yana da mai horas da shi, da abinci na musamman, da fitilar da ke fito da kowace jijiya. Sai yaro a Kiru ya dubi madubi ya raina kansa. Wani har yakan sha tramadol don a kira shi ƙaƙƙarfa, alhali ƙwayar ciwo kawai take dannewa, kuma yawanta yana kawo farfaɗiya.

Shi kuwa ɗan dakon kasuwar Tudun Wada, mai saɓa buhun shinkafa tun safe, ba mu taɓa ganin hotonsa a bayan mota ba.