Idan Ɗanka Ya Dawo Karofi Da Hausar Kano

Koke ɗaya iyaye ke ta maimaitawa a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, musamman lokacin hutun makaranta da farkon damina, sa'ad da 'yan ci-rani ke dawowa noma. Yaro ɗan shekara sha huɗu ko sha shida ya bar Karofi yana cewa "lahiya lau", "na tahi", "zamna nan". Ya yi shekara guda a makarantar kwana, ko a shagon kawunsa a Kantin Kwari, sai ga shi da "lafiya ƙalau", "na tafi", "zauna". Da "na kai ma Inna" yake cewa, yanzu ya koma "na kai wa Inna". "Gidanshi" ya zama "gidansa". Uba ya ji abin ya tsaya masa a rai, nan da nan a yanke hukunci: wai shi nan ya waye, ya raina bakin ubansa. Idan yarinya ce, wani lokaci maganar takan zarce haka, a fara raɗe-raɗin ko iska ne ya shafe ta a makaranta, har a soma neman mai ruƙiyya.

Dalilin sauyin a fili yake. Matashi daga bakin tsaransa yake ɗaukar magana, kuma wanda aka yi wa dariya sau biyu a ɗakin kwana don ya ce "hwara" zai koyi cewa "fara" kafin mako ya zagayo. Ga finafinan Kano, ga TikTok, ga iyalan da matsalar tsaro ta tilasta wa tura 'ya'yansu birane. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ko yaron da bai taɓa wuce tasha ba yana jin Hausar Kano da ta Zariya da ta Jos a bakin ɗalibai.

Maganar iska ita ce ta fi ba ni takaici, domin kunne kaɗai ya isa ya rushe ta. A saurari yarinyar da kyau. Sauyin nata yana bin ƙa'ida: inda Bakatsine ke sa "h" ko "hw" ita tana sa "f", inda yake cewa "amre" da "ɗamre" ita tana cewa "aure" da "ɗaure", daidai yadda mutanen da ta zauna cikinsu ke yi. Abin ya ɗauki watanni kafin ya zauna mata, hankalinta ɗaya, tana sallarta, tana karatunta. Wannan koyo ne, irin wanda kowane ɗan Adam ke yi. Ɗaukar lafiyayyar yarinya a zaunar da ita gaban baƙo ana tofa mata addu'ar korar aljani saboda ta ce "tafi" zalunci ne, kuma tabon da yake bari a zuciyarta da sunanta a gari ya fi ƙarfin abin da ake gudu.

Masu cewa raini ne sun fi masu maganar iska hujja, don haka sai a ba su amsa a tsanake. Gaskiya ne akwai iyayi a ciki. Matashi yana son a san ya shiga birni, kuma yakan ƙara wa sabon lafazin gishiri idan ya ga ƙannensa sun zuba masa ido. Sai dai iyayin ƙuruciya daban, ƙin asali daban. A 1992 masanin harshe J. K. Chambers ya wallafa bincikensa a kan wasu yara shida 'yan Kanada da iyayensu suka koma da su kudancin Ingila. Ya gano cewa kalmomi su ke fara sauyawa, sai sautuka masu sauƙi, amma ƙa'idoji masu sarƙaƙiya sukan gagari wanda ya fara girma. Yaron da bai wuce shekara bakwai ba yakan ɗauki sabon karin harshe gaba ɗaya, wanda kuwa ya kai sha huɗu da wuya ya ɗauke shi cikakke. Ke nan Kanancin ɗanka riga ce ya ɗora a kan Katsinancin da ya sha a nono. A bari ya fusata, ko ya firgita, ko ya zauna hira da kakarsa bayan sallar isha'i, za a ji "lahiya" da "mashi" sun fito da kansu.

Inda laifin yake na gaske shi ne wurin manyan da suka koya wa yaron cewa Hausar gidansu ƙauyanci ce. Akwai malaman makaranta da ke tsayar da ɗalibi a aji su ce ya daina "Hausar ƙauye", akwai masu shirya fim da ba su sa "hw" a bakin kowa sai wanda ake so a yi wa dariya. Dukansu jahiltar tarihin harshen suka yi. Tun a shekarun 1920 Bajamushen nan August Klingenheben ya nuna cewa irin su "zamna" da "sabro" da "abduga" su ne tsofaffin siffofin kalmomin, a gabashin ƙasar Hausa ne suka rikiɗe zuwa "zauna" da "sauro" da "auduga". Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya tattaro kalmomin Katsina da na Sakkwato, ya sa musu alamar inda suka fito, bai kira su kuskure ba. An gina daidaitacciyar Hausa a kan Kananci ne don a sami hanya ɗaya ta rubutu da ɗab'i, wadda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa tun 1939. Malamin da bai iya bambance ƙa'idar rubutu da darajar magana ba, shi ke aiko wa iyaye yaran da ke jin kunyar bakinsu.

Gargaɗin da zan nanata shi ne kada a kwaikwayi maganar yaro a bainar jama'a don a kunyata shi, kada a laƙaba masa "Bakano" cikin gatse, kada a doke shi. Matashin da aka mayar abin dariya a tsakar gida ba ya komawa Katsinanci, shiru yake komawa. Ya rage zama a zaure, ya rage ba da labari, ya kai hirarsa majalisar da ba a yi masa dariya. Waɗannan kuwa su ne shekarun da uba ya fi bukatar sanin da wa ɗansa ke yawo, uwa ta fi bukatar 'yarta ta iya gaya mata abin da ke damunta. Wanda ya toshe wannan ƙofa saboda "f" da "h" ya yi asarar da gyaran lafazi ba zai biya ba. Mai tsoron kada karin harshenmu ya ɓace, tsoronsa na kan hanya, amma maganinsa yana bakinsa: ya ci gaba da Katsinancinsa ba tare da neman afuwar kowa ba, ya bar yaro ya je gona da kasuwa da gidan kakanni, ya gaya masa sau ɗaya, cikin natsuwa, cewa Hausa biyun duka nasa ne.

Abin da ya cancanci tsawatarwa shi ne ladabi. Gaisuwa da durƙuso, amsa kira da "na'am", rashin kiran babba da sunansa, waɗannan ana iya yin su da kowace irin Hausa. Yaron da ya dawo yana kiran mahaifinsa "tsoho" ko "oga" irin na 'yan majalisa, a gyara masa nan take. Haka wanda ya zauna Kaduna ko Jos ya dawo yana "yarinya ne", "mota na", yana haɗa namiji da mace. A nuna masa a takarda, domin a jarrabawar WAEC da NECO zai rasa maki.

Sannan a rarrabe sabon lafazi da nauyin baki. Idan magana ta fara jan ƙafa, harshe na karyewa, ido ya yi ja, barci ya yawaita, a binciki maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta haramta a 2018, da ƙwayar tiramadol. Idan kuwa maganar ta sauya farat ɗaya bayan zazzaɓi mai zafi, ko faɗuwa daga babur, ko farfaɗiya, ko aka ga baki ya karkace, a kai shi babban asibitin Dutsin-Ma a ranar, kada a jira gari ya waye.