Kafin a Sauya Kwamfutar Tafi-da-gidanka da Sabuwa Marar Nauyi

Daga cikin tambayoyin da ake yawan kawo wa masu gyaran kwamfuta akwai ta ma'aikacin da ya shekara huɗu ko biyar da kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, ya ga sabon samfuri siriri a hannun abokin aiki, sai ya fara tunanin ko lokacin sauyi ya yi. Idan aka bi bayaninsa a tsanake, akan tarar ya cakuɗa koke uku wuri guda, wato nauyi, jan ƙafa wajen aiki da saurin mutuwar batir, alhali biyu daga ciki gyara na maganinsu da kuɗin da ko kusa bai kai na sabuwa ba.

Jan ƙafa yakan samo asali ne daga ma'adanar bayanai. Tsofaffin kwamfutoci da yawa suna ɗauke da faifai mai juyawa, wanda allura ke bi tana karanta abin da ke kansa, kuma da zarar an musanya shi da SSD, ma'adanar da babu abin da ke motsi a cikinta, kwamfutar da ke cin mintuna kafin ta tashi takan tashi cikin daƙiƙu. Sai kuma ram, wato wurin da na'ura ke ajiye aikin da take kai a daidai wannan lokaci, wanda idan ya yi kaɗan komai sai ya tsaya cik da an buɗe shafuka da yawa. Akwai kuma abin da mai kwamfuta ba ya gani sai an kwance murfin ƙasa: ƙurar hunturu da ta dunƙule kamar auduga tsakanin fanka da mafitar iska, ta yadda furosesa, wadda ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, ke rage gudu da kanta don kada zafi ya lalata ta. Buroshi da sabon man sanyaya furosesa sun isa wannan aikin.

Batir kuwa kaya ne mai ƙarewa ko da an ririta shi. Kamfanin Apple ya ce an tsara batiran kwamfutocinsa na zamani su riƙe kimanin kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsu bayan caji 1,000 cikakke, kuma zafi na gaggauta wannan tsufa. Wanda ya ga wurin goga yatsa ya ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, to batir ne ya kumbura, kuma wajibi ne a daina caji a cire shi ba tare da jinkiri ba.

Nauyi kaɗai ne gyara ba ya taɓawa, kuma nan ne ya kamata a dakata a yi lissafi. Tun da Steve Jobs na Apple ya zaro MacBook Air ta farko daga ambulan a watan Janairun 2008, Intel kuma ta biyo baya da tsarin Ultrabook a 2011, masana'antu suke tseren rage kauri, har aka kai ga MacBook Air mai furosesar M2 ta 2022 tana da nauyin kilo 1.24, ThinkPad X1 Carbon kuma ba ta wuce kilo ɗaya da ɗan ɗoriya ba, yayin da tsohuwar kwamfuta mai inci 15 kan haura kilo biyu ban da caja. Ga mai yawo tsakanin ajujuwa ko mai hawa babur da jaka a baya kullum, wannan bambanci abin dubawa ne. Sai dai siranta tana da farashin da ba a rubuta shi a kan kwali. Domin a rage kauri, ana liƙe ram da dalma a jikin babban allon na'urar, ta yadda abin da aka saya ranar farko da shi za a zauna har ta mutu. A MacBook Air har ma'adanar bayanai liƙe take, kuma idan allon ya ƙone, wanda bai ajiye kwafin aikinsa a wani wuri ba yakan yi asarar da ta fi ta kuɗi ciwo. A ThinkPad T480 ko HP EliteBook 840 kuwa, sukundireba ya isa a ƙara ram. Saboda haka siririyar kwamfuta mai gigabait 8 ciniki ne na ganin ido. Ita kanta Apple ta mayar da gigabait 16 mafi ƙarancin ram a MacBook Air a watan Oktoban 2024. Haka nan ramukan jona kaya sun ragu, har wasu samfura USB-C kawai suke da shi, sai mutum ya sayi mahaɗi kafin ya sa filashi ko ya jona majigi, kuma wannan mahaɗi shi ma jaka zai shiga.

Duk da haka akwai dalilan da suka isa a sauya. Microsoft ta dakatar da tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma tana buƙatar guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da furosesar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama, ko makamanciyarta ta AMD. Ana gane ƙarnin daga lamba: i5-8250U ta na takwas ce, i5-7200U ta na bakwai. Mai sayen ta hannu, ko a Kano ko a Computer Village ta Ikeja, ya fi kowa buƙatar wannan sani, domin siririyar kwamfuta mai ƙyalli tana iya kasancewa wadda zamaninta ya riga ya wuce. Dalili na biyu shi ne wuta. Sababbin samfura suna jan lantarki kaɗan, da yawansu kuma suna caji ta USB-C daga fawa-banki mai wat 65, wanda ba ƙaramar riba ba ce a inda ake kwana biyu ba a kawo wuta ba. MacBook Air tun daga M1 ta 2020 ba ta da fanka, don haka ba ta zuƙar ƙura, ko da yake takan rage gudu idan aiki ya yi nauyi cikin zafin bazara. Su kuwa kwamfutocin Windows masu furosesar Snapdragon X, da suka fito a 2024, wasu tsofaffin manhajoji da firintoci ba sa jituwa da su, don haka a gwada kafin a biya.

Wanda kwamfutarsa ke karɓar Windows 11, kuma yawancin aikinsa a kan tebur yake, ya kai ta a share, a sa mata SSD da sabon batir, ya riƙe kuɗinsa. Wanda tasa ba ta karɓa, ko kafaɗarsa ke ɗaukar ta kowace rana, ya sauya, amma kada ya amince da ram ƙasa da gigabait 16, kuma kafin ya miƙa kuɗi ya tambayi mai gyara a garinsu ko ana samun batir da sikirin na wannan samfurin.