Ƙofar zuciya da karnen asibiti

Zuciya tana da ƙofofi huɗu. Idan ƙofar babbar jijiya ba ta rufuwa sosai, jini yakan koma baya, mutum ya riƙa haki da gajiya. Sau da yawa asalin cutar ciwon maƙogwaro ne na ƙuruciya da aka yi wa sakaci.

A littafin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 10, lambarta I06.1 in daga maƙogwaro ta taso, I35.1 in asalinta daban ne. Mai lamba ta farko yakan buƙaci allurar fenisilin kowane mako uku ko huɗu, shekara da shekaru.

Don haka ku roƙi likita ya rubuta asalin cutar cikin karne. In an tura ku Tawa daga Madawa, Buza ko Keita, ku riƙe shi.