Darasin Kiwon Lafiya: Shekarun Uwa da Dashen Ciki

Uwargida, idan ke da maigida kuna neman haihuwa ta hanyar dashen ciki, wato IVF, abin da likita zai fara tambayarki shi ne shekarunki. Ga dalili.

Yadda ake dashen

Ana ɗebo ƙwai daga jikinki, a haɗa shi da maniyyin maigida a ɗakin gwaji. A rana ta 3 ɗan tayin kan kai ƙwayoyi 6 zuwa 8. A rana ta 5 kuma ya haura 100, sai a mayar da shi cikin mahaifa. Jaririya ta farko da aka samu ta wannan hanya, Louise Brown, an haife ta a Ingila a 1978.

Ƙwan mace tsaranta ne

Jikin namiji kullum yana yin sabon maniyyi. Ita kuwa mace da ƙwanta ake haifarta, kimanin miliyan 1 zuwa 2, kuma ba ya ƙaruwa. Kafin ta balaga ya ragu zuwa wajen 300,000. Idan shekarunki 40, ƙwanki ma shekarunsa 40.

Lafiyayyen ɗan tayi yana buƙatar ƙunshin gado 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Idan ƙwai ya tsufa, rabon yakan zo da kuskure, a samu ƙari ko ragi. Irin wannan ɗan tayi yakan daina girma tun a ɗakin gwaji, ko ya ƙi kama mahaifa, ko ya kama daga baya a yi ɓari. A wajen shekara 30, kusan ɗaya cikin uku ne ke da wannan matsala. Daga 35 take hauhawa, a 40 ta wuce rabi. Wannan halitta ce, ba laifinki ba ne, ba kuma aiki ko abinci ne ya jawo ba.

Abin da za ki yi

1. Idan ba ki kai 35 ba, ku zo asibiti bayan shekara 1 ba ciki. Daga 35, wata 6 ya isa. Daga 40, kada ki jira.
2. Ku zo tare da maigida, domin sau da yawa matsalar tana ɓangarensa.
3. Gwajin jini na AMH yawan ƙwai yake nunawa, ba ingancinsa ba.
4. Babu maganin da ke mayar da tsohon ƙwai sabo. Kada ki ɓata shekaru wajen jiƙe-jiƙe.
5. Ki fara shan folik asid tun kafin ciki ya shiga.
6. Idan ciki ya samu, ki riƙe awo da kyau, saboda hawan jini da ciwon suga sun fi kama masu manyan shekaru.

’Yan uwa, ku daina gori, ku taimaka su zo da wuri. Mata da dama sun haihu lafiya bayan 40, amma wadda ta zo da wuri ta fi samun dama. Allah Ya ba da zuri’a mai albarka.